Araha a kan allo, layi a gidan mai

Ƴan uwana ɗalibai, akwai magana biyu da na gaji da ji. Duk fadar da aka ɗora shayi aka taɓo zancen isansi, sai ɗaya daga cikinsu ta fito. Ta farko ta masu manyan riguna ce: "Ai kasuwar duniya ce, ba yadda muka iya." Ta biyu tamu ce, mu ƴan lakwal: "Mai namu ne, a ƙasarmu ake haƙo shi, don me ba za a sayar mana da shi kamar ruwa ba?" Ta farkon rabinta ƙarya ne. Ta biyun tana da daɗin faɗi a gaban lasifika, amma ita ce ta sa aka yi ta tafi a ranar da ya kamata a ɗauko alƙalami a yi lissafi. Da tamu zan fi yin faɗa, tunda masu manyan riguna ba su karanta ƴan takardun da ake kwafewa a bakin jami'a.

Bari in sallami ta farko da wuri. Litar isansi ta zauna a kan sefa 540 tun 2013 har watan Yulin 2024. A cikin waɗannan shekaru gangar ɗanyen mai ta faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016 (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba). A Afrilun 2020, lokacin korona, an yi ranar da a Amurka mai ganga shi ke biyan kuɗi don a karɓe ta daga hannunsa. A Maris ɗin 2022, bayan Rasha ta shiga Yukiren, ganga ta haura dala 120. Duk wannan hawa da sauka, allon gidan mai na Maraɗi ko na Tawa bai motsa ba. To wace kasuwa ce wannan da ba ta hawa ba ta sauka? A Nijar farashin lita sa hannu ne ake yi a Yamai. Mutum ne ke zama ya rubuta shi, kuma abin da mutum ya rubuta ana iya tambayarsa dalili.

Na ce rabinta ƙarya ne, don sauran rabin gaskiya ce. Kasuwar duniya tana shigo mana, sai dai ta bayan gida. In ganga ta yi tsada, maƙwabta suna ƙara farashinsu, namu yana tsaye, sai manmu ya fara bin hanya zuwa inda ya fi daraja. Haka aka yi da gazuwal a 2022: ya yi ƙaranci, manyan motoci suka yi ta kwana a layi, ranar 1 ga Agusta gwamnatin lokacin ta ɗaga shi daga sefa 538 zuwa 668, kuma wannan ƙarin yana cikin abin da ya haifi ƙungiyar M62. Ƙofa ta biyu ita ce duk ranar da abin da matatarmu ke tacewa bai isa ba aka fita waje sayowa. A can da dalar Amurka ake ciniki, kuma ba wanda zai rage maka don kana da rijiya a Agadem.

Yanzu mu zo gida. Mu da ke kudu, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: kafin 2023, sau nawa ɗayanmu ya tsaya a gidan mai? Ruwa-ruwa muke sha. Teburi ne a kowace kwana, kwalabe jere cikin rana, yaro da mazurari da tsumman tacewa. Man yana shigowa daga Jibiya ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Ƙonni, daga Kongolam ta Matamaye zuwa Damagaram, a cikin jarkoki da aka ɗaure wa moto har ba a ganin mai tuƙin, ko a tsofaffin motocin da aka cire musu kujeru, cikin dare, ba fitila, ta hanyoyin da ƴan duwan ba su bi ko suka yi kamar ba su sani ba. Samari nawa wuta ta cinye a wannan hanya? Kowace unguwa tana da nata. Wanda ya kalli fim ɗin "Zinder" na Aisha Macky ya ga wani yanki na rayuwar nan.

Me ya sa man ya yi araha har ya biya wahalar hanya, ya biya na goro, kuma aka sayar mana ƙasa da kuɗin famfo? Saboda gwamnatin Najeriya ce ke cika gibin. Har watan Mayun 2023 lita a can ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, sauran kuɗin daga baitulmalinsu yake fita. Ke nan duk kwalbar da aka juye mana a tanki, wani yanki nata mutumin Kano da na Legas ne suka biya mana. Shekara da shekaru muna yawo da rigar maƙwabci muna cewa tamu ce. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

An gargaɗe mu. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a Nuwamba ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Kwalba ta yi tsada na ɗan lokaci, aka sake hanya, kowa ya manta. Sai ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabin rantsuwarsa, Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin ƴan kwanaki lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Gaskiya ne naira ma ta faɗi, amma ribar da ke tsakanin can da nan ta ƙanƙance har ba ta ɗaukar kasadar dare. Tebura suka fara bushewa. Dubban mutanen da famfo bai taɓa ganin fuskarsu ba suka nufo gidan mai.

Su wa za su tarbe su? Matata guda. SORAZ, a arewa da Damagaram kan hanyar Tanut, an buɗe ta ranar 28 ga Nuwamban 2011. Kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60, ƙasar Nijar 40. Ƙarfinta ganga 20,000 a rana. Ganga lita 159 ce, ke nan ɗanyen mai lita miliyan uku da ɗan ɗori, kuma ba dukansa ke zama isansi ba: wani ya fito gazuwal, wani gas ɗin girki. Lokacin da aka gina ta muna wajen mutum miliyan 17, haka ƙidayar 2012 ta nuna. Yau mun haura miliyan 25. Moto kuwa kowa ya ga yadda ta yaɗu, ga adaidaita da ta cika Maraɗi da Damagaram, ga janareto a shaguna, ga injin ban ruwa a kowace fadama. Matata tana nan yadda take. Abin da ya rufa mata asiri duk shekarun nan shi ne ruwa-ruwa.

A cikin wannan hali ne, ranar 23 ga Yulin 2024, aka sauko da isansi daga 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Dala ɗari ba tamma guda, tammar da ba mai zuba man da zai taɓa ba ka canjinta. Aka yi murna, ɗalibai na kan gaba. Ni kuwa tambayata ita ce: mai shagon da kayansa ba su isa masu saye ba, maƙwabcin da ke taya shi ya rufe, sai ya tashi ya rage kuɗi, me zai biyo baya? Wannan ko tsohuwa mai ƙosai ta san amsarsa. A lokacin lita tana sefa 850 a Burkina Faso, 730 a Cadi. Mai ba ya jin taken ƙasa. Inda ya fi tsada can yake gangarawa, kamar yadda ya gangaro mana daga Najeriya a da.

Amsar ta iso a Maris ɗin 2025, cikin azumi. Kun gani da idonku, ba sai na ba ku labari ba: layi tun bayan sahur, mutane suna tura moto cikin rana da ƙishirwa, gidajen mai sun ɗaure igiya a ƙofa. Jami'an SONIDEP da kansu suka shaida wa manema labarai cewa man da ake shigowa da shi ta ɓoye daga Najeriya ya kai kusan rabin kasuwa a da, kuma abin da SORAZ ke bayarwa ba ya isa. Allo yana cewa 499, famfo ba ya cewa komi. Wanda ke da jarrabawa ƙarfe takwas ya koma wurin mai kwalba ya biya sama da jika guda. Ɗan kabu-kabu ya kwana biyu bai yi lodi ba. To wane ne farashin gaskiya, na allo ko wanda ya fita daga aljihu?

Ko da man yana nan, ku duba wa arahar ta fi yi wa aiki. An rage sefa 41 a lita. Ɗalibin da ke shan lita guda a rana ya tsira da sefa 1,230 a wata, ba laifi, kuɗin kwafe darussa ne. Mai babbar mota da ke zuba lita 80 a zama guda ya tsira da sefa 3,280 kafin ya fita daga gidan man. Matar ƙauyen da ke zuwa kasuwa a ƙafa ko a amalanke ba ta ga ko tamma ba. Kuma ku gaya mani garin da kuɗin kabu-kabu ya sauka bayan ragin. Duk sanda muka cika titi muna ihun "a rage kuɗin mai" ba tare da mun ce a rage wa wa ba, wallahi aikin mai babban tanki muke yi masa kyauta, da maƙogwaronmu.

Na san abin da wani zai ce: wannan yaro yana son a tsadanta wa talaka mai. A'a. Ina son litar da aka rubuta ta kasance cikin famfo. In 499 tana iya tsayuwa da ƙafarta, a nuna mana lissafin, ni ne farkon mai tafi. In kuma wani ne ke cika gibin, a gaya mana wane ne, kuma daga wace jaka, don jakar nan ita ce ake ce mana ba kuɗi a ciki in an zo maganar alawus ɗin ɗalibai da albashin malaman kwantaragi.

Sai zancen tuƙi. Duk lokacin da mai ya yi wuya sai masu nasiha su fito: a rage gudu, a duba taya, a daina yawon banza. Abokaina da yawa suna jin haushin wannan nasiha, suna cewa ɗora wa talaka laifi ne. Rabin gaskiya suke da ita su ma. Nasihar kanta daidai ce, kuma abin kunya ne a ce mai digiri bai san abin da yaron gareji ya sani ba.

Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana shimfiɗewa a ƙasa, inji yana wahalar janta, mai yana tafiya. Tsayawa wurin mai faci sau ɗaya a mako ba ya cin komi. Matatar iska ta moto, a ƙasar da hunturu ke cika hanci da ƙura, tana toshewa da wuri. In ta toshe, karbureta tana jan mai fiye da iska, sai ka ga baƙin hayaƙi da buji mai baƙin kai. Kacar da ta bushe ko ta saki tana cinye ƙarfin da ya kamata ya isa taya. Baƙin man da ya wuce lokacin juyewa haka. Sai hannun mai tuƙi, wanda ya fi duk waɗannan ci. Wanda ke fizgar moto daga tsaye kamar an biyo shi, ya je ya danne birki a kwana ta gaba, man da ya ƙona don yin gudun ya zubar da shi ke nan a birki. Wanda ke ja da ƙaramar giya inji yana kuka, shi ma haka. A doguwar hanya kuma, kamar Maraɗi zuwa Damagaram, iska ce abokiyar gaba: in ka ninka gudu, turin da take yi maka ninki huɗu yake zama.

Kuma mu faɗa wa kanmu wadda ba mu so. Su wa ke cire salansa don unguwa ta san sun wuce? Su wa ke tsayawa a ƙofar gidan budurwa suna murza wuta, moto ba ta tafiya ko'ina? Ranar ɗaurin aure su wa ke jerin gwano suna wasa da moto, a ƙona lita biyar a kai amarya gidan da ke bayan layi, wani lokacin a ƙare a asibiti? Ba ministoci ba ne. Wanda ya yi haka ranar Asabar ya zo ranar Litinin yana jawabi kan tsadar rayuwa, ni dai ba zan riƙe masa lasifika ba.

Akwai kuma tattalin da ya fi ɓarna tsada. Wani ya sa makaniki ya matse masa karbureta har moto tana shan mai kamar cokali, yana alfahari a fada. Injin yana zafi fiye da ƙima, bayan ƴan watanni a sauke shi, abin da ya tara bai kai kuɗin gyara ba. Wani direban ya kashe mota a gangara don ya tsira da rabin kofi, bai san ƙarfin birkin yawancin motoci da injin yake tafiya ba, ga mutum goma sha tara a bayansa. Wani ya sayi kwalba mai araha da aka sirka da kananzir. Araha ba ta ado, a inji ma haka.

To amma a auna nasihar a sikeli. Mu ɗauka ɗan kabu-kabu yana ƙona lita uku a rana, sefa 1,497. Mu ɗauka ya bi duk abin da na lissafa ya rage kashi ɗaya cikin goma. Ya tsira da sefa 150, kuɗin koko da ƙosai. A wata ya tara 4,500, kuma ga mai iyali wannan kuɗi ne, shi ya sa na ce a yi. Amma kwana biyu a layi ba lodi, ko mako guda yana sayen kwalba ninki biyu, ya share tattalin watan gaba ɗaya. Hannunsa a kan totur yana iya gyara ɗan abu. Ba ya iya ƙara wa matata ganga ko ɗaya.

Masu nasihar kuma su juya lasifikar ta kalli wani gefen. Motar ofis da ke tsaye a inuwa awa guda inji na aiki don na'urar sanyi ta jira maigida, da takardar bon ake zuba mata, ba daga aljihun kowa ba. Ayarin V8 goma don a je a yanke ƙyalle. Titunan unguwa da rairayi ya cinye, inda dole ka ja da giya ta ɗaya ko kana so ko ba ka so. Garuruwan da ke da ɗaruruwan dubban mutane amma ba motar safa ta cikin gari da za ka dogara da ita, shi ya sa kowane ɗalibi burinsa moto, kowane uba bashinsa moto. Bas guda da ke ɗaukar mutum sittin zuwa jami'a ya fi duk wa'azin duba taya da za a yi a rediyo shekara guda. Ban taɓa jin mun yi zanga-zanga a kan bas ɗin gari da zafin da muke yi a kan sefa 41 ba.

"Mai namu ne." To, nawa ne namu a ciki? Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, an yi shi don ganga 90,000 a rana, kuma jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024. Wannan ɗanyen mai ne, ba ya bi ta famfon kowa a nan, kuma shi kam farashinsa kasuwar duniya ce ke yanka shi da gaske. Rabon Nijar a ciki wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne. A Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC tun kafin a sayar, da sharaɗin biya cikin shekara guda da ruwan kashi 7. Doka kuma ta ce kashi 15 na kuɗin da ƙasa ke samu ya koma wa ƙananan hukumomin jihar da ake haƙowa. Waɗannan su ne wuraren da "namu" yake da ma'ana, kuma su ne ba mu tambaya. An gama biyan miliyan 400 ɗin? Kashi 15 ya isa Ngurti? Matata ta biyu da aka yi maganarta a Doso, ina aka kwana? Lita nawa SORAZ ke fitarwa a rana, lita nawa ƙasa ke sha, gibin da ke tsakani wa ke cika shi, a kan nawa?

Ita kanta 499 ba daga sama ta faɗo ba. Tana da takarda, wadda ake kira tsarin farashi: nawa lita take a ƙofar matata, nawa haraji, nawa na SONIDEP, nawa na tankar da ta ɗauko, nawa na mai gidan mai. Muna da sashen tattalin arziki da na shari'a a jami'o'inmu, muna da ƴan uwa da ke koyon aikin man fetur, amma a duk tarukan ɗalibai da na zauna ban ga wanda ya ɗago wannan takarda ya karanta mana layi ɗaya ba. Mun iya sunayen ƙasashen da muke zagi, ba mu iya kason harajin da ke cikin litar da muke sha kullum ba.

Kuma akwai mutanen da kowa ya manta da su a wannan lissafi: samarin da ruwa-ruwa ke ciyarwa. Sana'ar haram ce a doka, na sani, amma ita ta riƙe gidaje da yawa daga Ƙonni har Magarya, ta biya wa wasunmu kuɗin rajista. Ta mutu ko tana kan mutuwa, ba wanda ya ce ga abin da zai maye ta. Yaron da ya saba da jarka da hanyar dare ba zai zauna ya naɗe hannu ba. Wani abin zai ɗauka ya bi hanyar da shi, kuma iyakar nan tamu ba ta rasa masu neman irinsa.

Don haka ga roƙona ga ƴan kwamitinmu na Yamai, tunda ku ke kusa da ma'aikatun: wani ya je ya nemo takardar tsarin farashin isansi da ta gazuwal, ta kafin Yulin 2024 da ta bayansa. In an ba ku, mu kwafe su gefe da gefe a fitowa ta gaba, ƴan tattalin arziki su fassara mana layi-layi da Hausa. In an hana ku, ku rubuto mana ranar da kuka je da amsar da aka ba ku, ita ma mu kwafe ta.